Hannu da yawa, uwa babu: nazarin ɗakin ƙananan yara a wani gidan marayu

## Yadda ɗakin yake tun farko

Gidan yana riƙe da yara 34 a ɗakuna uku, an raba su bisa shekaru. Wannan nazari ya tsaya ne a kan ɗakin tsakiya mai yara 12, ƙaraminsu ɗan wata 14, babbansu ya kusa cika shekara uku. Na yi wata 14 ina zuwa gidan a matsayin mai ba da shawara, da farko sau biyu a mako, daga baya sau ɗaya. Na sakaya sunan gidan da na duk waɗanda ke cikinsa.

Baƙon da ya leƙa ba zai ga abin kushewa ba. Ɗaki tsaf, gadaje a jere, kowane yaro da katin awonsa, rigakafi bai wuce kowa ba. Masu reno tara ne suke aikin rana, suna zagayawa tsakanin ɗakunan uku, ana sauya musu ɗaki duk ranar Litinin. A kowane lokaci mutum biyu ne a kan yara 12. Da gangan aka tsara zagayen. Ɗakin tsakiya ya fi gajiyarwa, sai shugabar gidan ta ga adalci shi ne kowacce ta ɗanɗana. Akwai kuma wata ƙa'ida da ba a rubuta a ko'ina ba, amma ita ake fara gaya wa sabuwar ma'aikaciya: kada ki bari yaro ya shaƙu da ke. Yau yana nan, gobe an zo an ɗauke shi, ko ke ki bar aiki, a bar shi da kuka a bar ki da ciwon zuciya. Masu faɗin wannan magana ba marasa tausayi ba ne. Yawancinsu sun taɓa rabuwa da yaron da suka yi renonsa, sun san zafin abin.

Da na buɗe littafin aiki na ƙirga, sai na tarar cikin wata shida manya 17 ne suka yi wa yaran ɗakin wanka ko suka ba su abinci, idan an haɗa da masu kwana da masu cike gurbi da 'yan sa kai. Haka abin yake a irin waɗannan gidaje. Barbara Tizard, wadda ta bibiyi yaran gidajen reno na Landan a shekarun 1970, ta samu cewa kafin yaro ya cika shekara biyu ya ratsa hannun masu reno kusan 24, kafin shekara huɗu da rabi kuma kusan 50. A can ma ana hana ma'aikata shaƙuwa da yara.

Yaron da ya sa aka nemi taimako an kawo shi gidan yana wata tara, na fara ganinsa yana wata 22. Lafiyarsa ƙalau, nauyinsa daidai, likita ya duba kunnensa bai ga komai ba. Kalmomi uku kawai yake faɗi. Duk baƙon da ya shigo, shi ne farkon rugawa ya ɗaga hannu a ɗauke shi, har ma'aikata suna yabonsa wai ba shi da ƙiwa. Amma idan ya faɗi ya ji ciwo ba ya nufar kowa. Zai zauna inda ya faɗi ya yi kukansa, ko ya haɗiye. Da dare yakan jijjiga jikinsa yana buga goshi a ƙarfen gado. Sannan yana cizo. A makonni huɗu kafin zuwana an rubuta cizo 19 a ɗakin, 14 nasa ne, biyu sun fitar da jini.

## Wata na 1 da na 2: horo

Matakin farko shi ne wanda kowa zai fara kawowa. Idan ya yi cizo a ɗauke shi a zaunar a kan ƙaramar kujera a kusurwa na minti biyu, a ce masa ba a cizo. Na amince da hakan. Abin da na ƙara kawai shi ne a daina tsawa da ɗalle masa baki, kuma kowacce ta yi iri ɗaya.

Bai zauna ba. Sai an riƙe shi, riƙon ya koma kokawa, kokawar ta zama abin kallon sauran yara. A mako na uku aka koma saka shi a gadonsa a ja ƙarfen, nan kam ya zauna, yana jijjiga. Mutum tara kuma ba su yi iri ɗaya ba. Wata minti biyun take yi, wata sai ta gama shanya ta tuna da shi. A wata na 2 an rubuta cizo 23, 15 nasa ne, wasu yara biyu da ba sa yi suka fara. Buga goshi ya tashi daga dare biyu ko uku a mako ya koma kusan kullum.

## Wata na 3: kayan wasa da bita

Ma'aikata suka ce faɗan kayan wasa ne yake jawo cizon, sai aka ninka kayan. Ni kuma na shirya bita ta kwana biyu. Na yi bayanin John Bowlby, wanda tun a rahoton da ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1951 ya ja hankali cewa ƙaramin yaro yana buƙatar dangantaka mai ɗorewa da uwa ko wadda ta tsaya a madadinta. Na yi bayanin Mary Ainsworth, wadda ta zauna tana kallon uwaye da jariransu a Uganda a tsakiyar shekarun 1950, ta ga yadda yaro yake mai da uwarsa sansani: ya yi nisa ya yi wasa, ya tsorata ya dawo, ya natsu ya sake fita. Na nuna musu bidiyon gwajin Edward Tronick, inda ake sa uwa ta daskarar da fuska na ɗan lokaci, jaririn ya yi ta ƙoƙarin jawo ta da murmushi da nuni, har ya gaji ya kau da kai yana kuka. Biyu daga cikinsu sun share hawaye.

Makonni biyu na farko cizo biyar kawai aka yi. Daga nan ya koma inda yake, jimillar watan ta zama 17. Da na tambayi ɗaya daga cikin ƙananan ma'aikatan me ya faru, sai ta ce, “Malama, duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Amma ranar Litinin ina ɗakin manya. Da wa zan shaƙu?”

Ban iya ba ta amsa ba, alhali na san amsar tun kafin in shirya bitar. An yi wani babban bincike a gidajen jarirai uku na birnin St. Petersburg a Rasha, aka wallafa shi a 2008. Gida ɗaya horo kawai aka ba ma'aikatansa, na biyu aka haɗa horo da sauya tsari, wato ƙananan rukuni da tsayayyun masu reno, na uku aka bar shi yadda yake. Yaran gida na biyu ne suka ci gaba sosai, a jiki da hankali da mu'amala. Horo shi kaɗai ɗan abin da ya sauya kaɗan ne. Na fara da bita ne saboda ita ce ba ta taɓa jadawalin kowa.

## Wata na 4: kallo kawai

Na roƙi a dakatar da kujerar horo. Idan an yi cizo a raba yaran, a lallashi wanda aka ciza, a gaya wa mai cizon da gajeriyar magana cewa cizo yana da zafi, shi ke nan. Ni kuma na zauna a gefe, zama 12, kowane zama awa biyu, ba na sa baki. Muka ƙara abu uku a rubutun cizo: ƙarfe nawa, su wa ke aiki, me ya faru minti biyar kafin nan.

Cizo 16 aka yi a watan. Goma daga ciki sun faɗo ranar Litinin ko Talata, lokacin da fuskoki suke sababbi. Sha ɗaya sun faru ko dai cikin rabin awa bayan canjin aiki na ƙarfe biyu, ko lokacin wanka, sa'ad da manyan biyu duka suka ba yara baya. Biyu kawai ke da alaƙa da kayan wasa.

A waɗannan zaman ne na lura da babbar mai renon gidan. Shekararta 11 a aikin, ita ake nuna wa sababbi a matsayin abin koyi. Cikin minti 40 take yi wa yara 12 wanka. Takan ɗago yaro ta bayansa ba tare da magana ba, hannunta a kan wannan idonta a kan na gaba. A lokacin aikinta kuka ba ya daɗewa a ɗakin.

Wata Talata da safe aka ture yaron ya faɗi, ya fashe da kuka. Ina kallonta, kafaɗunta suka ɗaga, ta waiga ƙofa, sannan ta sure shi. “Ya isa, ya isa, ya isa,” tana jijjiga shi da sauri, ta juya fuskarsa waje, ta danƙa masa ƙaramar mota, ta dire shi, ta koma kan ninke kaya. Duka bai kai minti ɗaya ba. Kukan ya tsaya. Ya tsaya da motar a hannu yana kallon bayanta, numfashinsa yana sarƙewa. Wata yarinya ta zo wucewa, ya kama damtsenta ya gantsara mata cizo.

Na rubuta abin da na gani. Ban gaya mata komai ba a lokacin.

## Wata na 5: raba ɗakin

Na kai wa shugabar gidan shawara a daina zagaye a ɗakin tsakiya. Sai da muka zauna sau biyu. Damuwarta biyu ce, kuma duka suna da tushe: waɗanda za a kafe a ɗaki mai wahala za su ga an zalunce su, sannan ranar da aka zo ɗaukar yaro wa zai ji da kukan? A ƙarshe ta yarda a gwada na wata uku.

Aka raba ɗakin biyu da gajerun kabad, yara shida kowane ɓangare. Kowane rukuni ya sami masu reno biyu tsayayyu, ɗaya safe ɗaya yamma, da mai cike gurbi guda ɗaya da ba ta canzawa. Yawan manya a kan yara bai ƙaru ba, har yanzu mutum ɗaya ce a kan shida. Mutum huɗun su suka kawo kansu, aka ƙara musu hutun kwana ɗaya a wata. Babbar mai renon tana cikinsu, yaron kuma ya faɗo a rukuninta na safe. Canjin aiki ya koma zaman minti 15, mai fita da mai shiga duka a ƙasa tare da yara. Wanka ya daina zama layi, kowacce ta yi wa nata shida ɗaya bayan ɗaya, ta gaya wa yaro abin da za ta yi kafin ta taɓa shi. Wannan na ƙarshe daga Emmi Pikler muka aro, likitar yara da ta buɗe gidan reno a Budapest a 1946, wadda ta ɗauki wanka da canza kaya da ciyarwa a matsayin lokacin da yaro yake sanin mutum. An kuma kafa madubi a ƙasa, daidai tsayin yara.

Makonni uku na farko ɗakin ya rikice. Yaran da da ba ruwansu da fitar kowa suka koma bin mai renonsu har bakin ƙofa suna ihu. Aka fara faɗa a kan cinya. Yaron ya koma cizon duk wanda ya hau jikin babbar mai renon. Cizo 21 aka rubuta a watan. A rana ta 12 shugabar ta kira ni ta ce, “Malama, da muna da yaro ɗaya mai matsala, yanzu muna da goma sha biyu.”

Na ba ta labarin gidajen renon da Anna Freud da Dorothy Burlingham suka gudanar a Hampstead ta Landan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Su ma sun raba yara ƙananan iyalai, kamar yara huɗu a hannun mace ɗaya, su ma abin da suka fara gani shi ne kishi da kuka da faɗa a kan mai reno. Bayan 'yan makonni ƙurar ta lafa, yaran suka ci gaba a magana da kama fitsari. Shugabar ta yarda ta jira ƙarshen wata.

## Wata na 6 zuwa na 9: littafin mai reno

A wata na 6 cizo ya sauka zuwa 12. Ɗaya rukunin ya natsu kusan gaba ɗaya. A rukunin yaron, yamma ta yi sauƙi, safiya ta ƙi. Tara daga cikin 12 ɗin da safe aka yi su. Yara iri ɗaya, ɗaki ɗaya, tsari ɗaya, bambancin kawai wadda take aiki.

Ban so in je wa babbar mai renon da zargi ba, kuma na san idan na ce ta rage sauri za ta rage na kwana uku ne. Sai na ba duk mutum biyar ɗin ƙaramin littafi. Kowace rana su zaɓi lokaci ɗaya da ya yi musu wuya su rubuta layi uku: me ya faru, me na ji a jikina, me na yi. Ranar Alhamis mu zauna minti 45, ba tare da shugaba ba.

Da farko layin tsakiya fayau yake. Kowa labarin yara take rubutawa, wane ya yi fitina, wance ta ƙi barci. Ɗaya ta tambaye ni, “Aiki muka zo yi ko ƙorafi?” A zama na uku na yi kuskuren da har yau yake damuna. Na karanta rubutun wata a gaban sauran ba tare da na nemi izininta ba, don na ga ya yi kyau. Ta ji kamar an tsiraita ta. Ta daina rubutu, a wata na 7 ta nemi a mai da ita zagaye, yara shida suka rasa mai renonsu ta yamma bayan wata biyu da sabawa. Daga ranar littafin ya zama na mai shi, ita take zaɓar abin da za ta faɗa.

A zama na biyar babbar mai renon ta buɗe nata ta karanta layi ɗaya: “Ba na son yaron nan.” Ɗakin ya yi tsit. Ba wadda ta yi mata wa'azi, wannan kuma shi ne alherin da abokan aikinta suka yi mata a ranar. Wata ma ta ce ita ma akwai yarinyar da muryarta take tsaya mata a wuya. A mako na gaba layin tsakiya na babbar ya cika: “Ƙirjina ya matse. Ji nake kamar wani zai shigo.”

Bayan an watse ta tsaya. Ta ce ita ce babba a gidansu, tun tana shekara bakwai aka ɗora mata renon ƙanne. Idan jariri ya yi kuka har aka jiyo, ita ake duka. Ta ce, “Malama, ni idan yaro yana kuka, takun ƙafa nake ji.” Shekara 11 tana aiki, ana yabonta a kan abin da tsoro ne yake sa ta yi, ita kanta ba ta taɓa haɗa biyun ba. Wannan yaron kuwa, da kukansa ya fi na kowa ƙarfi da tsawo, shi ya fi tayar mata da abin.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan. Selma Fraiberg ta rubuta a 1975 cewa tsohon ciwon iyaye yakan shigo ɗakin jariri kamar fatalwa, kuma waɗanda suka fi maimaita abin da aka yi musu su ne masu tuna abin da ya faru amma sun manta yadda suka ji. A Landan, Peter Fonagy da Howard Steele da Miriam Steele sun yi hira da mata masu ciki game da yarintarsu, suka wallafa a 1991 cewa daga yadda mace take ba da labarin ana iya hasashen irin shaƙuwar da ɗanta zai yi da ita a shekara ɗaya, kusan sau uku cikin huɗu. Daga baya suka nuna cewa uwar da ta sha wuya a yarinta, matuƙar tana iya tsayawa ta yi tunani a kan abin da ke ranta da abin da ke ran ɗanta, sau da yawa ba ta miƙa wuyar ga ɗan.

Ni ba likitarta ba ce, ban kuma mai da zaman Alhamis asibiti ba. Abin da muka tsara ƙarami ne. Idan yaro ya fara kuka, ta zauna ƙasa tukuna kafin ta ɗauke shi. Ta ja numfashi. Ta juyo da fuskarsa gare ta, ta faɗi abin da take gani: ka faɗi, ya yi zafi, ga ni nan. Kada ta sa wa kanta burin ya yi shiru. Da izininta na yi magana da shugabar, ita kuma ta faɗa a gaban kowa cewa kuka a ɗaki ba laifin mai reno ba ne, ba kuma za a ƙara auna aikin kowa da shirun ɗakinta ba.

Karon farko da na ga ta gwada, yaron ya yi kuka na minti bakwai a kan cinyarta. Gumi ya keto mata, sau biyu ta waiga ƙofa, amma ba ta tashi ba. Da ya gama ya kwantar da kai a ƙirjinta yana ajiyar zuciya, yana wasa da maɓallin rigarta, sannan ya sauka da kansa. A ranakun da aiki ya yi yawa takan koma tsohon hali, sai ta rubuta ta kawo ranar Alhamis. Cizo ya zama tara a wata na 7, huɗu a wata na 8, uku a wata na 9.

## Wata na 10 zuwa na 14: inda aka kwana

Daga wata na 10 cizo bai ƙara wuce biyu a wata ba a duk ɗakin. Kalmomin yaron sun kai kusan 20 a wata na 8, a wata na 12 yana haɗa kalma biyu zuwa uku. Har yanzu yana bayan sa'o'insa, an tura shi wajen mai gyaran magana. Tun gwajin Beulah Amsterdam na 1972 aka san yawancin yara suna gane kansu a madubi wajen shekara biyu. Shi da aka kafa madubin, leƙa bayansa yake yi yana neman ɗaya yaron. A wata na 8 ya tsaya a gabansa ya nuna kansa ya faɗi sunansa, ya nuna wadda ke bayansa ya ce “Anti”. Bayan haka “nawa” ta shiga bakinsa, ta kuma jawo nata faɗan.

A wata na 10 ya yi tuntuɓe a bakin ƙofa ya fasa leɓe. Ina kusa da shi, shugabar ma tana nan. Ya tashi ya wuce mu duka ya tafi can ƙarshen ɗaki ya cusa fuska a ƙafafun babbar mai renon. Ya kuma fara ƙiwa, har wasu masu ziyara suka yi ƙorafin yaron da yake tarbarsu ya canza.

Dare bai gyaru ba. Masu kwana uku ne suke juyawa, mutum ɗaya a kan ɗakuna biyu. Buga goshi ya ragu zuwa kamar dare biyu a mako, ya tsaya a nan. Wannan ya tuna mini da ƙauyukan haɗin gwiwa na Isra'ila da ake kira kibbutz, inda aka yi shekaru yara suna kwana a gidan yara, masu gadin dare suna canzawa. Abraham Sagi da abokan aikinsa sun wallafa a 1994 cewa a cikin jariran da ke kwana a gidan yara kashi 48 cikin ɗari ne suke da natsattsiyar shaƙuwa da uwayensu, a cikin masu kwana a gida kuwa kashi 80, alhali renon rana iri ɗaya ne. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 ƙauyukan sun bar tsarin kwanan.

A wata na 13 abin da ake tsoro ya zo: wani iyali ya cika sharuɗɗan ɗaukar yaron. An yi sauyin cikin makonni biyar, ziyara takwas, babbar mai renon tana wurin a duka, ita ta miƙa shi da hannunta tare da kundin hotuna da takarda mai bayanin yadda ake lallashinsa. Ya yi kuka ranar tafiya. Ita ma ta yi, ta ɗauki hutun kwana biyu, ta dawo kan sauran biyar ɗinta. Rahoton mai bibiya bayan wata guda ya ce yakan farka da dare yana kiranta, amma idan ya ji ciwo uwar riƙonsa yake nufa.

## Yadda nake ganin lamarin

Dole in fara da abin da zai rage wa sakamakon armashi. Cizo yana raguwa da kansa yayin da yaro ya girma ya sami baki, kuma wannan yaro ɗaya ne a ɗaki ɗaya. Abin da ya sa nake ganin ba girma kaɗai ya yi aiki ba shi ne yadda saukar ta bi sauye-sauyen: rukunin da yaron ba ya ciki ya natsu bayan raba ɗaki, yamma ta riga safiya, safiya kuma ba ta motsa ba sai da mai aikin safen ta gane abin da take gudu.

Horo ya gaza ne domin yaron da matsalarsa rashin mutum ce aka hukunta shi da ƙarin kaɗaici. Kayan wasa sun amsa tambayar da ba a yi ba. Bita ta ba ma'aikata ilimin da jadawali ya hana su aiki da shi. Raba ɗaki ya zama dole, amma shi kaɗai ya tsaya a rabin hanya, domin ya kafe yaro da babba ɗaya, duk abin da babbar take ɗauke da shi kuma ya zama rabon yaron kullum. A zagaye tsoronta yana narkewa cikin mutum tara, ba mai gani. Haka kuma da na fara da littafin kafin a raba ɗakin, ba na jin zai yi tasiri, domin wadda za a ɗauke ranar Litinin ba ta da dalilin tona ranta a kan yaron da ba nata ba.

Ina kuma ganin zaman Alhamis ya yi aiki ne saboda an cire tsoro daga cikinsa: babu shugaba, babu maki, ba a karanta littafin kowa. Sau ɗaya da na karya wannan, yara shida ne suka biya.

Tsohuwar ƙa'idar ta yi gaskiya a abu ɗaya, rabuwa ta yi zafi. Amma yaron da ya tafi ya san yadda ake neman mutum idan an ji ciwo, da shi ya shiga sabon gida. Ban kuma ɗauki gyaran ɗaki a matsayin madadin iyali ba. Binciken da Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah suka fara a Bucharest ta Romaniya a farkon shekarun 2000, a kan yara 136 na gidajen marayu, ya nuna waɗanda aka kai hannun iyalan riƙo sun fi waɗanda suka zauna ci gaba, musamman idan an kai su kafin shekara biyu. Wannan yaron ya kusa uku kafin ya samu.

A wata na 14 shugabar ta mai da gwajin tsari na dindindin, ta kuma fara shi a ɗakin jarirai. Shawarar a ba ɗakin tsakiya masu kwana biyu tsayayyu tana gaban kwamitin gidan, tana jiran kuɗin ɗaukar mutum ɗaya. Yara uku a ɗakin har yanzu suna jijjiga kafin barci, masu kwana suna ci gaba da rubuta dare da lokaci.